Harsashi na Bakwai a Kwanon Lavina

Ka taɓa miƙa wa mutum bindiga ka ce masa babu komai a cikinta? In ka taɓa, da me ka tabbatar: da ido, da kunne, ko da ƙidaya? A gidan Lavina Hoyt, can bakin Rafin Toka a jihar Wyoming, wannan tambayar ta shekara arba'in da ɗoriya ana jayayya a kanta tsakanin miji da mata. Jayayyar raha ce, har ranar da ta daina ba kowa dariya.

Lavina 'yar makiyayi ce. A cikin amalanke mai rumfa aka raine ta, ana jan sa daga makiyaya zuwa makiyaya, kuma da baƙaƙen tumaki ubanta ya koya mata lissafi. A kowace ɗari ta fararen tumaki ana sakin baƙa ɗaya. Da safe sai a hau tudu a ƙirga baƙaƙen kawai. Garken dubu biyu, baƙaƙe ashirin. In aka ga sha tara, to wani yanki na garken ya ɓalle, ba a tsayawa shan kofi, sirdi ake ɗaurawa. Tun daga nan ta tsani kalmar "kamar sun cika". Ƙwai, dammunan ciyawa, kwalaben tumatir da take dafawa ta ajiye don lokacin ƙanƙara, duk sai ta san adadinsu kafin hankalinta ya kwanta.

Da ta auri Orval Hoyt, abin da ya zo da shi goɗiya ce, da sirdi, da bindigar mahaifinsa. Irin ta da ce, wadda kowane gidan kiwo a nan yake da ita a saman ƙofa ko a jikin sirdi. Bututu biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya. Na sama shi ke harbi. Na ƙasa rumbu ne, harsasai bakwai ke kwanciya a ciki a jere, kan wannan a gindin wancan, kuma ta wata 'yar ƙofa a gefe ake tura su. A ƙarƙashinta akwai mariƙin ƙarfe da ake zura yatsu uku. Ka tura shi ƙasa ka dawo da shi, sai ta tofar da kwanson da aka harba ta ɗauko sabo. Aibinta ɗaya ne, amma babba: ido ba ya ganin cikin rumbun. Kuma in za ka sauke ta, dole kowane harsashi ya bi ta mazaunin harbi kafin ya fito, 'yar gudumar baya a ɗage. Wanda ya manta yatsansa a kan kunama a lokacin, to ya harba ke nan, ko bai yi niyya ba.

Abin da ya sami maƙwabcinsu Burl Tibbets ke nan a shekarar farko ta aurensu. Ya shigo kicin yana sauke tasa bindigar yana ba da labarin cinikin raguna, sai ƙara. Harsashi ya fasa bututun hayaƙin murhu ya fice ta rufi, baƙin toka ya rufe tukunyar wake. Ba wanda ya ji ciwo. Lavina ba ta yi faɗa ba. Washegari ta sa Orval ya tara ƙasa a bayan rumfar dawaki, tudu har iya ƙirji, ta kafa turke a gabansa, ta ɗora farin kwanon tasa a kai. Ta kafa doka: babu bindigar da za ta ƙetare bakin ƙofarta sai an sauke ta a gaban tudun nan, bakinta na kallon ƙasar, yatsa a waje. Abin da ya shiga da safe shi zai fito cikin kwano, ko harsashi ko kwanso. Kwanson ba ya wahalar samu, don Orval ba ya barin ko ɗaya a daji. Tara su yake yi, in ƙanƙara ta rufe hanya ya zauna yana sake ɗura su, kullum da dalma mai faffaɗan kai, saboda mai tsini kan iya tayar da na gabansa a cikin rumbu. Ta ƙara da dabara ɗaya tata. Akwai ɗan ƙarfen da ke turo harsasai daga can cikin rumbun, sai ta shafa masa jan farce. In ka buɗe bindigar ka hango ja, rumbu ya zama fayau. In ba ka ga ja ba, da saura.

Orval ya bi dokar, amma bai taɓa yarda cewa ana bukatarta ba. Shi hanyarsa ita ce ta ubansa da ta duk mazan rafin: in harsashi ya daina fitowa, ka ja mariƙi sau uku a banza, ka saurara.

"Kunnena ya fi lissafinki, Vina," in ji shi. "Bindigar da ba komai cikinta kukanta daban."

"Kunnen da ba ya jin na ce a gyara ƙofar garke?"

"Wannan ai ciwo ne na musamman. Likita ya ce muryar mace ce kawai ba ta shiga."

Haka suka yi ta yi, shi yana jan ukunsa, ita tana ƙirga bakwanta, kuma kullum hanyoyin biyu wuri ɗaya suke fita. Suka haifi 'ya ɗaya, Nadine, ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya a garin Casper. Garke ya kai dubu uku a shekarun albarka, ya dawo ɗari takwas da ƙarfi ya fara ja baya.

Orval na da saba'in da huɗu mantuwa ta fara kama shi. Da farko ƙananan abubuwa. Ya kai wa tumaki gishiri sau biyu a safiya ɗaya. Ya kira karensu da sunan wani da ya mutu tun Nadine na makaranta. Wata rana ya tsaya a tsakar gida da linzami a hannu, ya kalli Lavina ya ce, "Ina za ni ne?" sannan ya yi dariya kamar wasa yake. Ita ba ta yi dariya ba, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Amma Nadine aikinta ke nan, ziyara biyu ta isa ta gane.

"Mama, ba na son jayayya," ta ce da ita a kicin, murya ƙasa ƙasa. "Mantuwar gishiri ba komai. Amma ranar da ya yi kuskure da bindigar nan, ko sau ɗaya, zan zo in tafi da shi gari. Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da ni. Kin ji na faɗa miki."

"Ubanki a ɗaki mai taga ɗaya? Wata biyu ba zai yi ba."

"Gara ɗaki mai taga ɗaya da a kira ni a ce in zo in ga gawa. Tasa, ko taki."

Lavina ta san abin da ke riƙe da mijinta. Kowace safiya yakan ɗaura wa goɗiyarsa sirdi, ya zura bindiga cikin kube, ya zaga shingen waya yana duban diloli, musamman lokacin haihuwar tumaki. A kan doki ba ya mantuwa, ko kuwa ba ta ganin ya manta. In ya dawo fuskarsa takan zama ta Orval ɗin da ta sani. Saboda haka ta ƙara ɗaure ƙidayarta. Da safe su tsaya tare a gaban tudu, shi yana turawa ta ƙofar gefe, ita tana faɗa da ƙarfi, ɗaya har bakwai, mazaunin harbi babu komai, guduma a kwance. Da ya dawo, ta tare shi da kwano.

Ranar yanke wutsiyar 'yan raguna ta zo a ƙarshen bazara. Maƙwabta suka cika gidan da motocin ɗaukar kaya tun da safe, kamar yadda ake yi wa kowa in nasa ya zo. Nadine ta zo da mijinta Dale da yaransu. Mata suka jera dogon teburi daga kicin har baranda: gasasshen naman rago, wake, dankali, burodin masara, da kofi a babbar buta. Orval bai fasa zagayensa ba. Mako guda kafin nan goɗiyar ta zame a bakin rafi ta faɗi ta ɓangaren kube, amma ta tashi lafiya, shi ma ya kakkaɓe wandonsa, ba wanda ya sake tuna zancen.

Wajen tsakar rana ya dawo. Lavina ta goge hannu ta bi shi bayan rumfa. Ya juya bakin bindiga ga tudu, yatsa a waje, ya fara jan mariƙi. Harsasai suka riƙa tsalle tana tsincewa tana jefawa a kwano. Sai suka daina fitowa. Ya ja sau uku a banza, ya karkata kai ya saurara, ya kwantar da guduma.

"Shi ke nan."

"Shida ne, Orval."

"Na harbi dila a gangaren rafi. Babba, mai yagaggen kunne. Na kuskure shi."

"Ina kwanson?"

Ya laluba aljihun riga, ya laluba na wando. "Ya faɗa cikin ciyawa."

Lavina ta dube shi. Tun aurensu mutumin nan bai taɓa barin kwanso a daji ba, ko a cikin ƙanƙara sai ya tono shi. Kuma tun safe tana waje, iska daga rafi take kaɗawa, ba ta ji ƙara ba. Ta buɗe baki za ta ce ya sake buɗewa a duba ja, sai ga Burl ya ɓullo daga gefen rumfa, hannunsa duk jinin raguna, tsufa ya ranƙwafar da shi amma bakin na nan.

"Har yanzu ana zaman kotun kwano? Ranki ya daɗe, alƙaliya, a sake shi mana, yunwa muke ji."

"Kai ne ka jawo mana kotun ai, mai kashe bututun murhu," in ji Orval.

"Bututun ne ya fara zagina. Ina da shaidu."

Suka bushe da dariya. Daga baranda Nadine ta ƙwala kira, "Baba! Mama! Abinci na hucewa!" Tana tsaye ta kare rana da tafin hannu tana kallonsu. Lavina ta dubi 'yarta, ta dubi mijinta yana dariya kamar ba abin da ya taɓa samunsa. In ta ce bai yi harbi ba, to ta faɗa wa Nadine cewa ubanta yana ganin abin da bai faru ba, da bindiga a hannu. Ta yi shiru. Orval ya saɓa bindigar ya wuce, ya ƙetare bakin ƙofa da ita, ya rataye ta a kan turaku biyun da ke saman ƙofar kicin. Karo na farko ke nan da dokar ta karye, kuma mai dokar ce ta bari.

Aka yi addu'a aka zauna. Lavina ta zuba wa kowa, ta zuba wa kanta, amma ba ta taɓa nata ba. Ƙila ya harba ɗin, ta ce a ranta. Ƙila iska ce ta juya. Sau uku ya ja, ba abin da ya fito. Ta ƙirga mutanen da ke teburin ba da niyya ba, sha tara, kuma kowannensu sai ya bi ta ƙarƙashin ƙofar nan in zai ɗebo kofi. Kwanon na kan cinyarta a ƙarƙashin teburi, ta taho da shi ba ta sani ba. Yatsunta suka yi ta bin harsasan. Shida. Ta sake. Shida.

Da aka ci aka ƙoshi, mazan suka jingina da kujeru. A gidajen nan bayan cin abinci akan sauko da tsohuwar bindigar gida a zaga da ita hannu hannu, kowa ya ja mariƙi ya ji laushinsa, ya ɗaga guduma, ya gwada kunama, a yi ta musun wacce ta fi ta wane. Dale ya miƙe yana goge baki.

"Baba, bari in sauko da tsohuwar nan Burl ya ga yadda ake riƙon bindiga. An sauke ta ko?"

"Fayau take," in ji Orval. "Da hannuna."

Dale ya miƙa hannu sama.

"Kada ka taɓa ta."

Lavina ce, ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya juyo. Ta tashi, ta ajiye kwanon a kan teburi kowa na gani, ta sauko da bindigar da kanta, bakin a sama, yatsunta nesa da kunama.

"Vina, mene ne haka?"

"Bakwai suka shiga, shida suka fito. Taso mu je tudu."

"Na ce miki na harbi dila."

"Na ji. Taso."

Fuskarsa ta yi ja. "A gaban mutane za ki tozarta ni, tsohuwa? A gaban surukina?"

"Haba, Lavina," in ji Burl a hankali, ba wasa a muryarsa yanzu. "Ai ya ja ukunsa, kamar kullum."

"Kai ma ka ja naka a kicin ɗin nan, Burl. Ramin na nan a rufi, ɗaga kai ka gani."

Ta fita. Orval ya bi ta don ba yadda zai yi, sauran suka biyo baya, Nadine a ƙarshe, riƙe da kwanon. A gaban tudu Lavina ta sa kowa ya koma bayansu. Ba ta buɗe bindigar da kanta ba. Ta juya bakin ga ƙasa ta miƙa wa mijinta.

"Taka ce. Kai za ka buɗe."

Ya fizge ta, ya tura mariƙi ƙasa da ƙarfi. Ba abin da ya fito. Ya juyo da kai zai yi magana.

"Leƙa ciki," ta ce. "Ka ga ja?"

Ya leƙa. Ya karkata ta ga hasken rana ya sake leƙawa. Ya daɗe a haka. Ta matso ta sunkuya ta shinshina wurin da ya buɗe: ƙamshin mai ne kawai, babu ko alamar albarushi. Ya ga ta yi. Daga nan hannuwansa suka karɓi aikin, don su ba su manta komai ba. Ya bi rumbun da babban yatsa tun daga baki, a hankali, har ya tsaya a kan wata 'yar loɓawa da ba ta fi ƙwayar wake ba, daidai inda goɗiya ta danne kube. Ya bugi wurin da tafin hannu. Wani abu ya yi ƙwas a ciki. Ya rufe mariƙi, yatsa a waje, ya sake buɗewa, harsashi ya yi tsalle ya faɗi a gaban takalminsa.

Dale ya kalli hannunsa, ya zura shi a aljihu. Orval ya duƙa ya ɗauki harsashin, ya juya shi, sabo, ba a taɓa shi ba. Ya jefa a kwanon da ke hannun 'yarsa, ƙarar tasa ta fito sarai.

"Bakwai," in ji shi. Ya sake leƙa bindigar. "Ga jan nan." Sannan ya juyo ga matarsa, murya ta canja. "Amma na gan shi, Vina. Mai yagaggen kunne. Na ji bugun bindigar a kafaɗata."

"Ka gan shi. Ka harbe shi, ka kuskure, ka kawo mini kwanson. Bara ne, Orval. Bara war haka."

Ya tsaya yana kallon tudun ƙasar da ya tara da hannunsa. Burl ya cire hula ya juya ya kori mutane zuwa garke, yana cewa raguna ba za su yanke wutsiyar kansu ba. Aka bar su su uku.

Orval ya miƙa wa Lavina bindigar a buɗe, da hannu biyu. Ya dubi Nadine. "To, 'yar Baba. Na ji abin da kika ce wa uwarki a kicin rannan. Kunnen na ji in ya ga dama. Yaushe za mu tafi?"

Hawayen Nadine na zuba cikin kwanon. Lavina ce ta amsa.

"Bindiga ta dawo hannuna daga yau. Ba zai sake fita shi kaɗai ba, tare za mu riƙa zagayen. Ki bar mini shi."

"Mama, rabonki da hawa doki shekara nawa?"

"Dokin bai sani ba."

Nadine ta share ido. "Har faɗuwar ƙanƙara ta farko. Daga nan ba na jin roƙo."

Haka aka yi. Burl ya kawo sabon rumbu ya sauya loɓaɓɓen, Lavina ta sake shafa jan farce. Duk tsawon wannan rani mutanen rafin sun riƙa hango su a jikin shinge da safe, dawaki biyu, tsohuwa a gaba da bindiga a kube, tsoho a baya yana nuna mata inda waya ta saki. Aiki ya juya. Ita ke turawa ta ƙofar gefe, ita ke jan mariƙi a gaban tudu, shi kuma yana riƙe da kwano yana ƙirgawa da ƙarfi. Wata rana ya kai bakwai tsaf, har ya ƙara da cewa, "Ja ukun dai, don ki faranta mini," ta kuwa ja. Wata rana ya tsaya a huɗu ya dube ta, ta ce biyar, ya ce biyar, su ƙarasa tare.

Ƙanƙara ta farko ta sauka a watan Oktoba. Nadine ta zo da mota, bai yi gardama ba. Lavina ta sayar da rabin garken, ta ba Burl amanar sauran, ta bi mijinta Casper, ta zauna kusa da tagar nan ɗaya har bazara, lokacin da ya rasu. Sannan ta dawo rafi. Tana nan har yanzu, da tudunta da kwanonta, kuma duk wanda ya zo da bindiga, ko wane ne, sai ya tsaya a bayan rumfa kafin ya ga kofi.

In kana riƙe bindiga, ta farauta ko ta tsaron dabbobi, ka gwada abin nan tun daga fitarka ta gaba. Nemi kwano, nemi tudun ƙasa. Ƙirga abin da ka zuba da ƙarfi, yadda wani zai ji. In ka dawo, juya bakin ga tudun, fitar da yatsa daga kunama, ka ƙirga abin da ya fito, sannan ka buɗe ka leƙa da idonka. In ɗaya ya ɓace, kada ka ƙetare ƙofa da ita, ko da abinci zai huce, ko da ran wanda kake so zai ɓaci.